Daga Dandali Zuwa Fuloti: Yadda Filin Wasa Ya Ɓace Daga Bakin 'Yan Takara a Arewacin Zazzau

Ranar Asabar 19 ga Oktoban 2024 aka gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi a Jihar Kaduna. Da aka gama, hukumar zaɓe ta jiha ta bayyana cewa jam'iyyar APC ta lashe kujerun shugabanni 23 da na kansiloli 255, ba ta bar wa kowa ko guda ba, PDP kuwa ta ce ba ta yarda da sakamakon ba. Cikin kujerun nan 255 akwai ta Gazara, ɗaya daga mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Makarfi, a yankin nan na rake da mazarƙwaila da masara da ya haɗa Makarfi da Kudan da Ikara, dab da iyakar Kano.

Duk wanda ya saba sauraron yaƙin neman zaɓe a wannan yanki ya haddace jerin alkawuran: takin zamani, rijiyar burtsatse, kwalbati, gyaran aji, magani a asibiti, jari ga mata, aikin yi ga matasa. Da wuya a ji mai neman kujerar ciyaman ko ta kansila ya ɗaga murya a kan filin wasa, ko ɗakin karatu, ko zauren taron jama'a. In ya yi, wasu za su ɗauka ya rasa abin faɗa ne. Alhali kuwa Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, ya sa wuraren shaƙatawa da lambuna da filayen da ake bari a buɗe a sakin layi ɗaya da hanyoyi da magudanan ruwa da fitilun titi. Wato a idon doka, kula da filin da yara ke wasa aikin kansila ne kamar yadda yashe lambatu yake aikinsa. Yadda wannan aiki ya zama maraya yana da tarihi, tarihin kuma ya girmi ƙaramar hukumar kanta.

Lokacin da fili ya ishi kowa

Kafin a san wani abu wai shi ma'aikatar wasanni, kowane gari a ƙasar Zazzau yana da dandali. Wani fili ne a tsakiyar gari ko a gefen kasuwa ko ƙofar gidan mai gari, wanda babu mai nomansa, babu mai gina shi, kowa kuma ya san na kowa ne. Da farin wata 'yan mata su fito gaɗa, samari su yi langa da kokawa, makaɗa su zo da kalangu. Bayan an kai amfanin gona gida, 'yan dambe, waɗanda asalinsu mahauta ne, su riƙa bin garuruwa ana kafa musu fage. Watan azumi na tashe ne. Fulanin da ke kewaye suna da nasu sharon a ranakun kasuwa da na salla.

Akwai shaidar da ta fito daga bakin wadda ta ga wannan rayuwa da idonta. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950 wata dattijuwa mai suna Baba ta zauna a Giwa ta ba Mary Smith labarin rayuwarta, aka buga shi a 1954 da sunan Baba of Karo. Karo ƙauye ne kusa da Zarewa, a kan iyakar Kano da Zazzau, wato maƙwabtan Makarfi da Kudan ne na kurkusa. Abin da ke fitowa fili a labarinta, da kuma binciken da mijin marubuciyar, M. G. Smith, ya yi a ƙauyukan Zazzau a daidai wannan lokaci, shi ne cewa wasan yara ba kara-zube yake ba. Samari suna da sarkinsu da masu sarauta a ƙarƙashinsa, 'yan mata suna da shugabarsu, ana tara kuɗi, ana cin tarar wanda ya saɓa, ana gayyatar samarin wani gari a sauke su a ciyar da su. Sarkin samarin da ke shirya wasa shi ne kuma ke tara ƙarti idan za a yi gayya a gonar wani ko za a gyara hanyar kasuwa.

Wannan tsari ya kai ƙololuwarsa a bikin kalankuwa, wanda ƙauyukan arewacin Zazzau suka shahara da shi. Da kaka samari kan kafa hukumar wasa ta 'yan kwanaki, da sarki da alƙali, a zamanin Turawa kuma aka ƙara da Gwamna da Di'o da ɗan sanda da likita. Ana kama mai laifi, ana shari'a, ana dariya, manya suna gefe suna kallon yadda 'ya'yansu suka fahimci masu mulki. Duk wanda ya riƙe sarautar kalankuwa ya koyi tara jama'a, da raba abinci ga baƙi ɗari, da kashe rigima tun ba ta zama faɗa ba. Malaman wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello sun gane darajar wannan gado. Shi ya sa a 1977 suka fita daga harabar Samaru suka kai Wasan Manoma ƙasar Soba, daga baya kuma suka yi aiki da mutanen Bomo, inda kalankuwa ke da tushe.

Abin lura a nan shi ne, duk wannan bai ci bulo ko ɗaya ba. Abubuwa biyu ya dogara a kansu: fili da kowa ya yarda ba a taɓawa, da ƙungiyar matasa da manya suka amince da ita. Mai unguwa da dagaci su ne masu tsaron filin, ba da takarda ba, da kunya da al'ada.

Ɗakin karatu da farin ƙyalle

Turawa sun tarar da wannan, suka ɗora nasu a kai. A farkon mulkinsu suka fitar da hakimai daga birnin Zariya zuwa gundumomi, aka sami hakimi zaune a Makarfi da Ikara da sauransu, aka kafa baitulmali wanda haraji da jangali ke cikawa. Layin dogon da ya isa Kano a 1911 ya ratsa ƙasar Makarfi ta Gimi, auduga da gyaɗa suka sami hanya. Hukumar En'e ta Zazzau ta zama ita ce gwamnatin da talaka ya sani: ita ke da ɗan doka, da kotun alƙali, da gidan yari, da makarantar elementare, da ɗakin shan magani.

Wani wurin nishaɗi da hukuma ta gina da kuɗin jama'a a Arewa ya zo ne ta ƙofar yaƙi. A Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya, Abubakar Imam yana editanta. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya kankama, Turawa suka bukaci wurin da za a riƙa samun labarin yaƙi daga bakinsu, ba daga jita-jitar kasuwa ba, sai aka sa hukumomin En'e su buɗe ɗakunan karatu a ajiye jaridu da taswira da 'yan littattafai. Bayan yaƙi ɗakunan suka zauna, a 1952 kuma aka kafa babban ɗakin karatu na Jihar Arewa a Kaduna, yana aika musu da akwatunan littattafai. Aka shiga Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta riƙa buga ƙananan littattafan Hausa daga 1954 zuwa 1959. Sai dai ɗakunan sun fi yawa a birane da mazaunin hakimai, sau da yawa kuma ma'aikacin da aka rasa inda za a kai shi ake ba mabuɗin. Rahoton da F. A. Sharr ya rubuta a 1963 kan bukatun Arewa ta fuskar ɗakunan karatu bai ɓoye raunin da suke ciki ba.

Abin da ya fi isa ƙauye shi ne majigi. Mota ta zo da yamma, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi ko dagaci, mai fassara ya kama lasifika. A nuna fim kan tsabta, ko noman auduga irin Baban Larai, ko rangadin Sardauna, a saka ɗan abin dariya a tsakani. Dattawan yankin har yau suna tuna daren majigi da murmushi, sun kuma cancanci hakan, domin dare ne da gari duka ke fitowa, maza da mata da yara, ba a biyan ko kwabo. Amma ya kamata a faɗi abin da majigi yake: darasi ne da aka yi wa ado. Hukuma ce ke zaɓen abin da za a gani, da ranar da za a gani, ta naɗe ƙyallenta ta tafi. Ta ari dandalin gari ne na dare ɗaya.

Hukumar ta kuma san cewa duk inda mutane suka taru suna magana, siyasa na kusa. Majalisar taɗi da aka buɗe a Bauchi a 1943 da yardar Turawa, wadda Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka zauna a cikinta, ba ta yi tsawon rai ba, domin tambayoyin sun kai ga albashin sarki. Jam'iyyar Mutanen Arewa kanta ta faro ne a 1948 a Zariya da Kaduna a matsayin ƙungiyar al'adu ta ma'aikata, Dokta R. A. B. Dikko yana cikin jagororinta, sai a 1951 ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa. Da NEPU ta bazu a ƙasar Zazzau, ikon da En'e ke da shi na ba da izinin taro da kiɗa, ko hana shi, ya zama makami. Tun daga nan hukumar gargajiya ta koyi kallon taron matasa da ido biyu, magadanta kuma suka gaji kallon.

1976 da abin da ya biyo baya

Sojoji suka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960. A 1976 gwamnatin Obasanjo ta yi garambawul ɗin da ya haifar da ƙaramar hukuma irin ta yau, tsari ɗaya a duk ƙasa, da zaɓaɓɓun kansiloli. Ikara na cikin ƙananan hukumomin farko, tana ɗauke da Makarfi da Kudan da Kubau. Daga baya aka yanke Makarfi, a 1996 kuma, lokacin da Abacha ya kai adadin ƙananan hukumomi 774, aka fitar da Kudan mai hedikwata a Hunƙuyi, da Kubau. Kowace yanka tana zuwa da sabuwar sakatariya, da gidan ciyaman, da motoci, da ma'aikata. Kuɗin da ake da shi ya riƙa ƙarewa wajen riƙe hukumar kanta.

Shekara guda bayan garambawul, Kaduna ta ga bikin al'adu mafi girma a tarihinta. A Fabrairun 1977 aka yi babban hawan daba na FESTAC, dubban dawaki da raƙuma daga masarautun Arewa suka hallara, aka gina Otal ɗin Durbar domin baƙi. Wannan ya kafa wani tunani da bai gushe ba: al'ada abu ce da ake kwasowa daga ƙauye a kai birni a nuna wa manya. Mahaya da makaɗa daga gunduma suke fitowa, rumfar kallo kuwa a Kaduna take. Shi kansa otal ɗin ya daɗe a yashe ana shari'a a kansa, har aka rushe shi a Janairun 2020. Babban filin wasa na Ahmadu Bello, da Dandalin Murtala da aka sake wa fasali a zamanin Nasiru El-Rufa'i, da bikin littattafai na KABAFEST da aka fara a 2017, da tseren famfalaƙi na 2020, duk a babban birnin jiha suke. Ba laifi ba ne birni ya samu. Kaduna ta fitar da Daniel Amokachi da Garba Lawal da Tijjani Babangida da Celestine Babayaro, kowannensu kuma a wani filin unguwa ya fara. Tambayar ita ce a ina takwaransu na Gubuci ko Ɗanguziri zai fara.

A 1979 Gwamna Balarabe Musa na PRP ya soke haraji da jangali, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Talaka ya yi murna, yana kuma da hujja, domin an daɗe ana cin zarafinsa da sunan haraji, ana ɗaure magidanci a rana a gaban iyalinsa. Sai dai sokewar ta tsinke wata igiya. Daga ranar, kuɗin ƙaramar hukuma daga sama yake gangarowa, daga man fetur, ba daga aljihun mutumin Gazara ba. Wanda bai zuba ba kuwa, muryarsa ba ta da kauri wajen tambayar inda aka kai. A Ingila, dokar ɗakunan karatu ta 1850 ta ba garuruwa damar ɗora wa masu biyan harajin gida rabin kwabo a kan kowane fam, amma sai kashi biyu cikin uku na waɗanda suka jefa ƙuri'a sun yarda. An yi ta gardama, wasu garuruwan suka ƙi, wasu suka amince. Ko ba komai, ɗakin karatu ya zama abin da ake cin zaɓe ko a faɗi a kansa. A nan ba a taɓa ajiye wa mai zaɓe irin wannan tambaya a gabansa ba.

Akwai wani abin dariya mai ɗaci a zamanin Babangida. Da ya ƙirƙiro jam'iyyu biyu a 1989, SDP da NRC, gwamnatin tarayya ta gina wa kowace ofis a hedikwatar kowace ƙaramar hukuma da ke akwai a lokacin, gini iri ɗaya, da zauren taro. Wato ƙasar ta nuna tana iya kai zaure kowane lungu cikin 'yan watanni idan ta ga dama. Ta yi hakan ne domin jam'iyyun da ba su wuce 1993 ba. Gine-ginen suka koma kotuna da ofisoshi da makarantu, wasu suka zama kufai.

Tsarin Mulkin 1999 ya zo da sashe na 162, wanda ya ce kason ƙananan hukumomi ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. A takarda suna da kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya. A aikace, kafin kuɗin ya isa Makarfi an cire albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya da fansho da kason masarautu da ayyukan da aka ce na haɗin gwiwa ne. Ɗan wannan yanki, Ahmed Muhammad Makarfi, ya mulki jihar daga 1999 zuwa 2007, an kuma shaide shi da hanyoyin karkara, amma tsarin asusun bai sauya ba a hannunsa ko a hannun waɗanda suka biyo shi. Tsakanin zaɓe da zaɓe kuma sai a naɗa kantomomi da kwamitocin riƙo. Ko da aka kawo na'urar zaɓe a watan Mayun 2018 da Satumban 2021, har 'yan adawa suka ci wasu kujeru, gaskiyar da kowane ɗan takara ya sani ba ta canza sosai ba: kujera a wajen fitar da gwani ake samunta, masu fitar da gwanin kuma ba sa tambayar kowa manufarsa kan ɗakin karatu.

Abin da aka yi a tsallaken iyaka

Ba sai an je Turai neman misali ba. A Nijar, gwamnatin Seyni Kountché ta ɗauki kokawar gargajiya ta mai da ita gasar ƙasa. An yi ta farko a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya zama sarki, filin kokawar Maraɗi kuma sunansa yake ɗauke da shi a yau. Aka gina fagen kokawa a babban birnin kowace jiha, gasar takobi tana zagayawa, ana fara tace 'yan kokawa tun daga ƙananan garuruwa. Aka farfaɗo da samariya, wato ƙungiyar nan ta sarkin samari, aka buɗe gidajen matasa da al'adu a garuruwa. Kountché soja ne da ya haramta jam'iyyu, samariya kuma ta yi masa aikin da jam'iyya za ta yi, wannan ba a musunsa. Duk da haka mulkinsa ya wuce, fagagen suna nan, ɗan ƙauye mai ƙarfi ya san matakan da zai taka daga dandalin garinsu zuwa takobi. Ƙasar da ba ta kai Nijeriya kuɗi ba ta yi wannan ne domin ta gina a kan abin da mutane ke yi tun asali, ba ta jira sai ta iya gina katafaren filin ƙwallo ba.

Tsoron bakin malamai

Kuɗi kaɗai bai bayyana shirun 'yan takara ba. Tun daga ƙarshen shekarun 1970, musamman bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, wa'azi ya yi ƙarfi a kan kiɗa da cakuɗuwar maza da mata da fitar 'yan mata da dare. Makarantun Islamiyya na yamma da na dare suka karɓe sa'o'in da a da na dandali ne. Riba ce babba, domin dubban matan da iyayensu ba su iya karatu ba yanzu suna karanta Alƙur'ani da littattafai. Bayan rikicin shari'a na Fabrairun 2000 da sasantawar da gwamnatin Makarfi ta yi a 2001, kalmar wasa ta ƙara nauyi a bakin ɗan siyasa. A 2016 kowa ya ga yadda shirin gwamnatin tarayya na gina cibiyar shirya fina-finai ta naira biliyan 3 a Kofa, cikin Ƙaramar Hukumar Bebeji ta Kano, ya rushe cikin 'yan kwanaki da malamai suka hau mumbari. Mai neman kansila ya ɗauki darasi. Ya gwammace ya yi alkawarin katange maƙabarta, wanda babu mai suka.

Waɗanda suka fi asara a wannan sauyi 'yan mata ne. Samari sun sami madadi, ko da gurgu ne. Gaɗa kuwa ta koma abin da ake nunawa a ranar al'adu ta makaranta. Babu wanda ya zauna ya tambayi wane irin wuri ne yarinya 'yar shekara goma sha biyu za ta je ta yi wasa ko ta ari littafi, wanda uba da malami za su natsu da shi. Tambaya ce mai amsa, domin ɗakin karatu mai ranakun mata, da mace a bakin ƙofa, bai saɓa wa kowace mazhaba ba. Ba a dai yi ta ba ne.

Kofin ɗan takara da gidan kallo

Inda hukuma ta janye, ɗan kasuwa ya shiga. Rumfar kwano, benci, janareto, talabijin biyu da tauraron DStv: gidan kallo shi ne majigin wannan zamani, sai dai ana biya a ƙofa, maza ne zalla, kuma Arsenal da Barcelona ake kallo. Yana da amfaninsa, yana kuma rufewa ranar da man fetur ya fi ƙarfin mai shi.

Shi kuwa ɗan siyasa, abin da ya rage masa na manufa a wannan fage shi ne kofi. Zaɓe na matsowa sai a ji an sa gasar ƙwallo da sunan wane, a raba riguna masu hotonsa, a buga a filin firamare, ya zo ranar ƙarshe ya miƙa kofi a ɗauki hoto. Dabarar tana da arha, tana tara matasa, shugabannin kulob kuma su zama 'yan gaba-dai-gaba-dai a ranar zaɓe. Bayan an rantsar da shi, turakun raga suna nan yadda suke, filin kuma ba a san ranar da za a wayi gari a ga an kafa masa tubali a kusurwa ba. Sarkin samarin da yake tara ƙarti domin gayya, jikansa yanzu yana tara su domin rakiyar motar ɗan takara.

Akwai masu cewa, garin da ba shi da ruwan sha ina shi ina filin wasa. Maganarsu tana da nauyi, babu kuma mai hankalin da zai fifita raga a kan rijiya. Amma ƙidayar 2006 ta ba Makarfi mutum kimanin dubu 146, Kudan kusan dubu 139, Ikara sama da dubu 190, an kuma ƙaru ƙwarai tun daga lokacin, mafi yawansu yara da matasa. Noman damina watanni ne, wanda ba shi da fadama yana da rani mai tsawo. Binciken da aka yi a 2018 da haɗin gwiwar ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi, a shekarar ce kuma aka haramta maganin tari mai kodin. Filin ƙwallo ba ya warkar da wannan. Amma yammacin saurayi dole ta ƙare a wani wuri, masu sayar da ƙwaya kuma ba sa jiran kasafin kuɗi kafin su buɗe nasu dandalin.

Hujjar rashin kuɗi ma ba ta rufe komai ba, domin abin da ya fi muhimmanci a hannun ƙaramar hukuma ba ya cin kuɗi sosai. Dokar mallakar ƙasa ta 1978, a sashe na 6, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka na gargajiya a filayen da ba na birni ba, da ikon keɓe fili domin amfanin jama'a. Dandalin da, kunya ce ke tsare shi. Yau da fuloti ya zama kadara, kunya ba ta isa ba, sai awo da takarda. Mutanen Zariya sun ga inda sakaci ke kaiwa a 2015, lokacin da gwamnatin jiha ta shiga rushe gidajen da aka gina cikin filin Kwalejin Alhudahuda. Masu gidajen da yawa suna riƙe da takardun da wani ofishi ya ba su, ɗaliban kuma sun yi shekaru suna kallon filinsu yana ƙanƙancewa. Yanzu da rajistar filaye ta koma hannun hukumar KADGIS, aikin kansila shi ne ya sa a auna filin firamare da filin idi da tsohon dandalin kowane gari a mazaɓarsa, ya bi takardar har ta fito da sunan jama'a. Ingila ta yi irin wannan rajista ga filayen ƙauyukanta da dokar 1965, bayan ta ga suna salwanta.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli, a hukuncin da Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta, ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta mulkin kantomomi. Wannan ne ya sa jihohi da dama suka yi rige-rigen shirya zaɓe a watannin da suka biyo baya. An shafe watanni masu yawa bayan hukuncin ana jan ƙafa wajen aiwatar da biyan kai tsaye. In ya tabbata, uzurin asusun haɗin gwiwa zai faɗi, ciyaman zai tsaya shi da kasafinsa a gaban jama'a. Kafin nan lissafin da ke gaban kansilan kowace mazaɓa ƙarami ne. Cikakken filin ƙwallo mita 105 ne a tsawo, 68 a faɗi, wato bai kai hekta ɗaya ba. In aka yanka shi fuloti mai ƙafa 50 da 100, zai ba da kamar goma sha biyar. Wa'adin waɗanda aka zaɓa a 2024 shekara uku ne, dillalan filaye kuwa sun riga sun san farashin goma sha biyar ɗin nan a bakin kowace hanya da aka shimfiɗa wa kwalta.